Tambayoyi da amsoshi kan gane nau'in saƙo da tace shi a Max da Pure Data

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu haɗa kiɗa da sauti a manhajojin kwamfuta na Max da Pure Data, musamman waɗanda suka wuce matakin koyon jona akwatuna suka fara karɓar bayanai daga na'urorin waje. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Sunayen akwatuna da saƙonni an bar su yadda ake buga su a cikin manhajar.

1. Me ake nufi da saƙo a waɗannan manhajoji?

A Max da Pure Data ba layukan umarni ake rubutawa ba. Akwatuna ake ajiyewa a kan allo, a jona su da igiyoyi, kuma wannan zanen shi ake kira faci. Kowane akwati yana da mashiga a samansa da mafita a ƙasansa. Duk abin da ya bi igiya daga mafitar wani akwati zuwa mashigar wani, in dai ba siginar sauti ba ce, saƙo ne: lamba, kalma, jerin abubuwa, ko umarnin "yi aikinka yanzu".

Manhajojin biyu tushensu ɗaya. Miller Puckette ne ya fara gina Max a cibiyar IRCAM da ke Faris a shekarun 1980, aka sa mata sunan Max Mathews, ɗaya daga cikin magabatan kiɗan kwamfuta. Shi dai Puckette ɗin ne ya fitar da Pure Data, wadda ake taƙaitawa Pd, a 1996, kyauta ga kowa. Max kuwa tana hannun kamfanin Cycling '74, wanda Ableton ya saya a 2017. Saboda wannan dangantaka sunayen akwatuna da yawa iri ɗaya ne, amma halinsu ba koyaushe yake ɗaya ba, kuma a nan ne mai ƙaura daga wannan zuwa waccan yake shan wahala.

2. Nau'in saƙo nawa ne?

A Max akwai `bang`, wanda ba ya ɗauke da komai sai umarnin motsawa. `int`, cikakkiyar lamba kamar 60. `float`, lamba mai ɗigo kamar 0.75; `list`, jeri; `symbol`, kalma mai ɗauke da lakabin `symbol` a gabanta; sai sauran saƙonni da suka fara da wata kalma, kamar `set 5` ko `stop`, waɗanda ake haɗa su a ƙarƙashin `anything`.

A Pd babu `int` sam. Kowace lamba `float` ce, ko an rubuta 60 ko 60.5. Akwai kuma `pointer`, wanda ke nuni ga wani abu a cikin tsarin bayanai na Pd, kuma yawancin mutane za su daɗe suna aiki ba su haɗu da shi ba. Abin da rashin `int` ke jawowa yana tambaya ta 8 da ta 9.

3. Ta yaya manhajar take gane nau'in saƙon da na aika?

Abu na farko a cikin saƙon take dubawa, shi kaɗai. Wannan ita ce ƙa'idar da kusan duk sauran amsoshin nan suka rataya a kanta. Kowane saƙo yana da kai, wato kalmar da ke gaya wa akwatin da ya karɓa wane aiki ake nema, sannan abin da ya biyo bayan kan shi ne kayan aikin. A saƙon `set 5`, kai shi ne `set`, kaya kuma 5.

To idan ka aika 60 kawai fa, ina kan? Yana nan, ɓoye shi aka yi. Manhajar tana karanta shi a matsayin `int 60` a Max, ko `float 60` a Pd. Idan ka aika `60 100 1`, lamba ce a gaba kuma abubuwan sun fi ɗaya, sai ta ɗauke shi `list 60 100 1`. Haka ma `60 ganga`: jeri ne, tun da lamba ta fara. Amma juya su ka aika `ganga 60`, ka fita daga jeri ke nan. Yanzu saƙo ne mai kai `ganga`, kuma akwatin da ya karɓa zai duba ko ya san wani aiki mai wannan suna. In bai sani ba, sai ya yi ƙorafi (duba tambaya ta 16).

A ido `60 ganga` da `ganga 60` abubuwa biyu ne da aka sauya wa wuri. A wurin manhajar nau'i biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Duk wanda wannan ya zauna masa, rabin matsalarsa ta kau.

4. Ta yaya zan ga ainihin abin da ke bin igiya?

Jona `print` a mafitar da kake zargi, ka duba tagar saƙonni. Ka ba shi suna, misali `print shigowa`, don kada layukansa su cakuɗe da na wasu. A Max lamba mai ɗigo tana fitowa da ɗigonta, `5.`, cikakkiya kuma `5`. A Pd za ka ga `symbol ganga` ko `list ganga 60` da kansu a bayyane, amma jerin da ya fara da lamba yana fitowa ba tare da kalmar `list` ba.

Kada ka dogara da akwatin nuna lamba wajen wannan bincike. Na cikakkiyar lamba a Max yana yanke ɗigo ya nuna maka abin da ya rage, kuma abin da ya yanke shi zai tura gaba. Shi ma `print` yana da makantarsa: kalmar da aka rubuta da alƙaluma da lamba ta gaskiya kamanninsu ɗaya a tagar. Wannan yana tambaya ta 12.

5. Wane akwati ne ke raba saƙonni bisa nau'insu?

`route`. A Max ka rubuta `route bang int float list`, za ka sami mafita biyar: huɗu na nau'o'in da ka lissafa bi da bi daga hagu, ta biyar a dama ta duk abin da bai dace da ko ɗaya ba. A Pd kuma `route bang float symbol list`. In lambobi kawai kake so su wuce, `route int float` a Max ko `route float` a Pd ya wadatar. Sai ka jona mafitar da kake so ka bar ta daman a sake, abin da ya fita ta can ya ɓace ba tare da hayaniya ba.

Dalilin da wannan ke aiki shi ne abin da aka faɗa a tambaya ta 3. `route` kan saƙo yake kwatantawa da kalmomin da ka ba shi, kuma nau'in saƙo ba komai ba ne illa kansa, ko a bayyane ko a ɓoye. Shi ya sa akwatin da ke raba `int` da `float` shi ne dai ke raba `kunna` da `kashe`.

Shawara ɗaya: muddin kana kan gina facin, kada ka bar mafitar daman nan a sake. Sa mata `print`. Abin da ke faɗawa can shi ne abin da ba ka yi tsammani ba, kuma shi ya fi cancanta ka gani.

6. Me ya sa `route` ke cinye kalmar farko ta saƙona?

Aikinsa ke nan. Kamar mai karɓar tikiti ne a bakin ƙofa: ya karɓe tikitin, ya bar ka ka shige. Idan `ganga 60 100` ya shiga `route ganga`, abin da zai fito `60 100` ne. Idan kuma kalmar ce kaɗai, babu abin da ya biyo ta, `bang` zai fito, domin babu sauran abin turawa. Haka `route 1 2 3` ke yi da lamba 2 tilo: `bang` a mafita ta biyu.

Lura cewa cire kai na iya sauya nau'in abin da ya rage. `ganga 60` ya koma lamba, `ganga 60 100` ya koma jeri, `ganga babba 60` ya koma saƙo mai kai `babba`. Wannan ne ke ba da damar jera `route` a ƙarƙashin `route`, kowanne ya ɓare nasa ɓawon. In kana son saƙon ya wuce cikakke, a Max akwai `routepass`, wanda ke zaɓe amma ba ya cire komai. A Pd sai ka mayar da kan da hannu bayan `route`, da `list prepend ganga` sannan `list trim`. Saƙon da ya fita ta mafitar dama ba a taɓa shi a manhajojin biyu.

7. Mene ne bambancin `route` da `select`?

`select`, ko `sel` a taƙaice, tambaya ɗaya yake amsawa: shin abin da ya shigo daidai yake da wannan? In eh, ya fitar da `bang`. In a'a, ya tura abin ta dama. Ba ya ɗaukar kaya ya wuce da su. Don haka `sel 0` ya dace da "idan lamba ta kai sifili, tsayar da bugun", `route` kuma ya dace da "idan saƙo na ganga ne, kai kayansa wurin ganga".

A yi hattara da `sel` a kan lambobi masu ɗigo da aka samu ta lissafi. Idan ka tara 0.1 sau goma, abin da kwamfuta ke riƙe da shi ba 1 ba ne cif, ya kauce da ɗan abin da tagar Pd ba za ta nuna maka ba, sai ka ga 1 a rubuce amma `sel 1` ya yi shiru. Maganin shi ne a ƙirga da cikakkun lambobi, 0 zuwa 10, a yi kwatancen a kansu, sannan a raba da goma daga baya. A Pd kuma, ko da `sel` ko da `route`, ya fi aminci ka ware lambobi a akwati ɗaya, kalmomi a wani, ka jona na biyun a mafitar daman na farko.

8. Na raba 5 da 2 a Max ya ba ni 2. Ina rabin?

Akwatunan lissafi na Max suna duba lambar da ka rubuta a cikinsu su yanke shawarar nau'in da za su yi aiki da shi. `/ 2` lissafin cikakkun lambobi yake yi, sai ya zubar da saura. `/ 2.` da ɗigo a ƙarshe zai ba ka 2.5. Haka `+ 1` da `* 3` da `pack 0 0`: duk lamba mai ɗigo da ta shiga za a yanke ta. Yankewa ce, ba kusantarwa ba, 3.9 za ta koma 3. Ba za a yi maka ƙorafi ba, kuma shi ya sa wannan kuskure ke daɗewa a ɓoye. Sai dai ka ji ƙarar sauti tana tsalle daga shiru zuwa ƙarshe babu tsaka-tsaki, domin duk abin da ke tsakanin 0 da 1 ya koma 0.

A Pd `/ 2` zai ba da 2.5 kai tsaye. In cikakkiyar lamba kake so, ka bi da `int`, ko ka yi amfani da `div`.

9. Tun da Pd ba ta da `int`, ta yaya zan gane cikakkiyar lamba?

Ta ƙima za ka gane, ba ta nau'i ba. Ka yanke lambar ka kwatanta da asalinta: `expr $f1 == int($f1)` zai ba da 1 idan cikakkiya ce, 0 idan ba haka ba. Sai ka sa wannan sakamakon ya buɗe ko ya rufe `spigot`, ƙofar da ke barin saƙo ya wuce ko ta hana shi, lambar ta bi ta ciki. Ka tabbata sakamakon ya riga lambar isa, da taimakon `t f f` (duba tambaya ta 13).

Dabarar tana da amfani a Max ma, domin `route int` ba zai kama `5.` ba ko da ƙimarta cikakkiya ce; nau'inta `float` ne. Wani abu kuma game da Pd: a sigar da aka saba amfani da ita lambobi na bit 32 ne, kuma cikakkun lambobi suna zama daidai ne har zuwa 16,777,216. Ma'aunin da ke ƙara ɗaya-ɗaya, in ya kai nan, ƙarin ba ya sake motsa shi.

10. Na aika kalma a Max, amma `route symbol` bai kama ta ba. Me ya faru?

Kalma tsirara, kamar `ganga`, ba saƙon `symbol` ba ce. Saƙo ne mai kai `ganga` wanda ba shi da kaya. `route symbol` yana jiran saƙon da ya fara da kalmar `symbol` ne a zahiri, kamar `symbol ganga`. Don kama kalmomi tsirara, hanyar da aka saba ita ce ta ragewa: ka cire duk sauran nau'o'i da `route bang int float list`, abin da ya faɗo ta dama shi ne saƙonnin da suka fara da kalma.

Ina `route symbol` ke da amfani ke nan? Wasu akwatuna suna liƙa wa abin da suka fitar lakabi. `coll`, akwatin adana bayanai, idan abin da aka adana kalma ɗaya ce, `symbol ganga` yake fitarwa, kuma `route symbol` ne ke cire lakabin. `textedit` yana sa `text` a gaban abin da aka buga, sai a bi shi da `route text`. A Pd lamarin ya sha bamban: `route symbol` yana barin saƙon a matsayin `symbol`, ba ya tuɓe shi.

11. A Pd, mene ne bambancin `list ganga 60` da `ganga 60`?

Na farko jeri ne mai abubuwa biyu, na biyu umarni ne mai suna `ganga`. Akwatunan iyalin `list`, wato `list append`, `list prepend`, `list split` da 'yan'uwansu, duk abin da ya shiga cikinsu suna mayar da shi jeri su fitar da shi da lakabin `list`. Idan kana son ya koma umarni, misali za ka aika wa wani akwati `open` da sunan fayil, dole ka bi da `list trim`, wanda ke cire lakabin ya bar kalmar farko ta zama kai. Akasin haka, in kana son umarni ya zama jeri, ka bi da shi ta `list` kawai.

Akwai wasu sauye-sauye da Pd ke yi da kanta. Jerin da babu komai a cikinsa ana ɗaukarsa `bang`. Jeri mai lamba ɗaya `float` ne, mai kalma ɗaya kuma `symbol`. Saboda haka `route list` ba zai kama jeri mai abu ɗaya ba. Kuma idan ya kama jerin da ya fara da kalma, yakan fitar da shi ba lakabi, kamar an yi masa `list trim`. Mutum kan ɗauka ya tace jeri ne kawai, ashe ya sauya masa nau'i.

12. Tagar saƙonni ta nuna 1, amma `route 1` bai kama ba. Yaya haka?

Mai yiwuwa ba lamba ba ce, kalma ce da aka rubuta da alƙalamin 1. Wannan na faruwa da abin da ya fito daga `tosymbol` a Max ko `makefilename` a Pd, da rubutun da aka yanko daga cikin wata doguwar kalma. Gwajin ba wuya: ka tura shi ta `route float` ko `route int float`. In ya faɗo ta dama, kalma ce. A Max `fromsymbol` yana mayar da ita lamba.

Inda aka fi cin karo da wannan shi ne OSC, tsarin aika saƙonni ta hanyar sadarwa da Matt Wright da Adrian Freed suka ɓullo da shi a cibiyar CNMAT ta jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1997. A ce waya ta aiko da adireshin `/1/fader1` da ƙima 0.5. A Max, `udpreceive` zai ba ka adireshin a dunƙule a matsayin kai, sai ka rubuta `route /1/fader1`, shi ke nan. A Pd hanyar ta fi tsawo: `netreceive -u -b` ya karɓi bayanan, `oscparse` ya fasa adireshin gida-gida ya fitar da jeri, `list 1 fader1 0.5`. Wancan 1 ɗin na gaba daga adireshi ya fito, don haka kalma ce. In ba ka buƙatarsa, ka yanke shi da `list split 1`, ka ɗauki ragowar ta mafita ta biyu, ka bi da `list trim`, sannan `route fader1`. In kuwa kai ke da iko da na'urar da ke aikowa, ka sauya adireshin ya fara da harafi, ka huta.

Shi OSC kansa yana bambanta cikakkiyar lamba da mai ɗigo, yana yi musu alama da `i` da `f`. Max tana riƙe wannan bambanci, Pd kuwa duka `float` take mayar da su.

13. Zan iya tacewa da `trigger`?

`trigger`, ko `t`, ba matata ba ce, mai juyawa ne. `t i` a Max ba ya hana lamba mai ɗigo wucewa, yanke ta yake yi ya fitar da cikakkiya. `t b` kuma duk abin da ya shigo `bang` zai mayar da shi. In ba ka son a taɓa saƙon, `t l` a Max ko `t a` a Pd.

Babban aikinsa shi ne tsara wanda zai riga wani, kuma tacewa ba ta yiwuwa sai da wannan. Yana fitarwa daga dama zuwa hagu, kullum. Idan ka ja igiyoyi biyu daga mafita ɗaya ba tare da shi ba, Max tana bin matsayin akwatunan a kan allo, na dama ya riga. Pd kuma tana bin wadda aka fara jonawa, abin da ba ya ganuwa a zane ko kaɗan. Duk matatar da ke da gwaji a gefe da ƙofa a gefe, irin ta tambaya ta 9, tana buƙatar sakamakon gwajin ya isa ƙofar kafin saƙon ya iso. In an juya, ƙofar za ta yi hukunci ne da sakamakon saƙon da ya gabata, sai komai ya riƙa makara da taki ɗaya.

14. Nau'in daidai ne, ƙimar ce ba na so. Da me zan tace?

A Max `split 36 59` yana tura abin da ke cikin wannan iyaka ta hagu, sauran ta dama. A Pd `moses 60` yana tura abin da bai kai 60 ba ta hagu, 60 zuwa sama ta dama. Biyu a jere su ba ka iyaka. `clip` daban ne, ba ya zubarwa, matso da lambar yake yi zuwa bakin iyaka. `change` yana hana maimaici, abin da ke da amfani ga na'urar da ke ta aiko da lamba ɗaya ba fashi.

A MIDI, tsarin da kayan kiɗa na lantarki ke aika wa juna saƙonni da shi, wanda aka kafa a 1983, lambobin sauti da na ƙarfin bugu daga 0 zuwa 127 suke, kuma na'urori da yawa suna nuna sakin maɓalli ne da ƙarfin bugu 0. Shi ya sa sabon shiga ke jin kowane sauti sau biyu, na dannawa da na sakewa. `stripnote` yana cire na biyun a manhajojin biyu. Ga saƙonnin sarrafawa kuma, `midiparse` na Max yana fitar da jerin lambar masarrafi da ƙimarsa, sai `route 1 7 64` ya ware ƙafar kaɗa sauti (modulation), ƙarar murya da fedar riƙe sauti kowanne a mafitarsa.

15. Jerina ya cakuɗa lambobi da kalmomi. Ta yaya zan tsame lambobin kaɗai?

`route` kan saƙo kawai yake gani, ba ya leƙa cikin jeri. In ka san tsarin jerin tun farko, `unpack` ya isa: `unpack 0 0. s` a Max, `unpack f f s` a Pd. In tsarin yana canzawa, sai ka warware jerin ɗaya bayan ɗaya, ka tace kowanne, ka sake tarawa.

A Max: `t b l` a sama, jerin ya bi ta `zl.iter 1`, ya shiga `route int float`, mafitun biyu su zuba cikin `zl.group`; `bang` ɗin hagu, wanda ke zuwa bayan an gama, ya sa `zl.group` ya fitar da abin da ya tara. Ka tuna akwatunan `zl` abubuwa 256 suke riƙewa idan ba ka faɗaɗa su da `@zlmaxsize` ba, kuma abin da ya haura sai ya ɓace. A Pd ana yin warwarar da `list split 1` a cikin zagaye, ko da `list store` ana ciro abubuwa da `get`. A nan ɗabi'ar da aka ambata a tambaya ta 11 ta zama alheri: kowane guntu jeri ne mai abu ɗaya, don haka `route float symbol` zai raba su ba tare da wani ƙarin aiki ba.

16. Me ƙorafin da ke fitowa a tagar saƙonni yake nufi?

`doesn't understand` a Max da `no method for` a Pd abu ɗaya suke faɗa: akwatin ya karɓi saƙo mai kan da bai sani ba, kuma kalmar da suka ambata ita ce kan. In ka ga sunan fayil ko wata kalma taka a wurin, jeri ko `symbol` ne ya rasa lakabinsa a hanya. In kuwa `list` ka gani inda kake nufin umarni, `list trim` aka manta. Pd tana da wani, `inlet: expected 'float' but got 'symbol'`, wanda yawanci daga mashigar dama yake fitowa, domin waɗannan nau'i ɗaya tak suke karɓa. Danna layin ƙorafin sau biyu a Max zai kai ka ga akwatin. A Pd akwai `Find last error` a jerin umarni na sama.

17. Siginar sauti, hoto da ƙamus fa, su ma `route` zai raba su?

Siginar sauti ba saƙo ba ce. Akwatunan da sunansu ya ƙare da `~` suna aiki ne ba tsayawa, misali samfuri 44,100 a kowace daƙiƙa, a Pd cikin ƙunshi 64-64, alhali saƙo sai an aiko shi yake wanzuwa. Don duba ƙimar sigina da kayan aikin saƙo, sai ka ɗebo ta da `snapshot~`, wanda ke ba ka lamba mai ɗigo. A Max akwai `typeroute~`, da ke karɓar sigina da saƙonni a mashiga ɗaya ya raba su.

Hoto da ƙamus kuwa saƙonni ne na yau da kullum. Abin da ke bin igiyar Jitter, sashen Max na hoto da bidiyo, shi ne `jit_matrix` da sunan wurin da aka ajiye hoton a ƙwaƙwalwa, na `dict`, akwatin ƙamus mai adana bayanai bisa sunaye, kuma `dictionary` da suna. A nan `routepass jit_matrix` ake so, domin `route` zai cire kan ya bar suna tsirara, akwatin gaba ya kasa gane shi.

18. Yaushe ya kamata in bar akwatuna in rubuta tacewar da JavaScript?

Idan sharuɗɗan sun fara dogara da juna, kamar "karɓi jeri in abu na biyu kalma ce kuma na uku bai wuce 127 ba", igiyoyi kan yi yawa har zanen ya daina karantuwa. A akwatin `js` na Max, inda ake rubuta umarni da harshen JavaScript, kowane nau'i yana da aikin da ke karɓarsa: `bang`, `msg_int`, `msg_float`, `list`, sai `anything` na sauran, inda `messagename` ke ba ka kan saƙon, `arrayfromargs` kuma ya tattara kayansa. Tsarin dai shi ne na tambaya ta 3, a rubuce. Amma ga rabon nau'i zalla, ko ga saƙonnin da lokacin isarsu ke da muhimmanci kamar bugun kiɗa, `route` ya fi sauƙi kuma ya fi sauri.

Ko da wanne ka yi, ka ajiye matatar nan da nan ƙarƙashin mashigar facin, inda bayanan waje ke shigowa, ta yadda duk abin da ke ƙasa zai san irin abin da zai karɓa. Ka kuma guji mayar da lambobi masu yawan canzawa kalmomi don kawai ka kwatanta su. Max da Pd suna adana kowace sabuwar kalma a wani teburi da ba a share shi sai an rufe manhajar, don haka facin da ke ƙirƙiro sabuwar kalma a kowane motsin maɓalli zai riƙa cin ƙwaƙwalwa a hankali muddin yana kunne.